Ƙarar But Ɗin Mota: Yadda Ake Sauraronta, A Faɗe Ta, A Magance Ta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin gareji yana jiran a gama masa aiki ya san irin maganar da kan gudana tsakanin bakanike da mutumin da ya kawo mota da kukan ƙara. Mai mota kan ce, "Wani abu ne ke damuna a baya, wajen but." Bakanike kuwa, in dai ya san aikinsa, ba ya ɗaukar sifana tukuna, sai ya tambaya, "Alhaji, yaya take yi?" To, a nan ne masu mota kan rabu. Wani ya ce gwaf-gwaf take yi in an shiga gargada, wani ya ce tsuwa take yi ƙii-ƙii tun daga ƙofar gida, wani kuwa ya ce shi dai ƙara yake ji, a duba. Na farko da na biyu sun riga sun ɗauke wa bakanike rabin aiki. Na ukun nan shi ne wanda akan sauya wa shokozoba biyu, ya biya kuɗi masu kauri, ya hau titi, kafin ya kai shatale-tale na farko ƙarar ta dawo ta yi masa barka da gyara.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gano ƙarar da ke fitowa daga but ɗin mota da yadda ake maganinta. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa wannan da nazarin Hausa. Abin da ya haɗa su shi ne, kafin hannu ya taɓa ƙarfe kunne ne ke aiki, sa'an nan harshe ya faɗi abin da kunne ya ji, kuma Hausa na da wani rukuni na kalmomi da suka dace da wannan aiki sarai. Wanda ya iya sarrafa su ya tsira da kuɗinsa, wani lokaci ma har da ransa.

Ita kalmar but an aro ta ne daga Turancin Ingila, tare da 'yan'uwanta irin su bonet da bamba da salansa. Amurkawa da wata kalma dabam suke kiran wurin, wadda ma'anarta adaka, domin motocin farko akwatin kaya na gaske ake ɗaure musu a baya. Abin nufi a nan shi ne ɗakin kayan da ke bayan kujerar baya a ƙaramar mota. Ba a manta da Volkswagen Beetle ba, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, mai inji a baya da but a gaba. Amma ita ƙarar bayanta ba ta bukatar bincike, kowa ya san mai yin ta.

Dalilin Da Ya Sa But Ke Yaudarar Kunne

But akwati ne na ƙarfe mai faɗi, cikinsa fanko, bangonsa siriri. Wanda ya san kiɗan ƙwarya ya san abin da irin wannan siffa ke yi wa sauti: yatsa mai zobe ya ɗan taɓa bayan ƙwarya, amon ya cika tsakar gida. Haka but yake yi. Noti guda da ya faɗa lungu yana gangarawa sai a ji shi kamar an saki guduma.

Bugu da ƙari, sauti ya fi son ƙarfe a kan iska. A cikin iska yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, a cikin ƙarfe kuwa kusan mita 5,000, watau wajen ninki goma sha biyar ke nan. Ƙafafun baya da sifirin da shokozoba da salansa da tankin mai duka a jikin gangar mota aka ɗaure su, kewaye da but. Saboda haka abin da ya bugu a ƙarƙashin mota sai amonsa ya bi ƙarfe ya hau, ya sami wannan fanko ya fito ta cikinsa. Ga shi kuma kunnen ɗan'adam ba ya iya tantance inda amo mai zurfi ya fito kamar yadda yake tantance siririyar ƙara, balle ga direban da ya ba wurin baya, idonsa na kan hanya. A taƙaice, sau da yawa but sanƙira ne kurum, yana ɗaga muryar wani, maganar ba tasa ba ce.

Amsa-kama A Gareji

Masu nazarin harshe suna kiran kalmomi irin su tsit da ɗif da tim da ƙwaram amsa-kama, watau kalmomin da ke kwaikwayon kamannin abu, ko motsinsa, ko amonsa. Malamin nan C. M. Doke, wanda ya yi aiki a kan harsunan Bantu, shi ne ya yayata sunan da ake kiran su da shi a Turance cikin littafinsa na 1935. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da su, haka kuma Paul Newman ya ware musu babi guda a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Wani abin da ya bambanta su da sauran kalmomi shi ne da yawansu da baƙi suke ƙarewa, alhali kuwa galibin kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa.

A aji akan ɗauke su tamkar kayan adon tatsuniya da waƙa. A gareji kuwa kayan awo ne. In aka lura, za a ga kalmomin da suka fara da g ko d, masu wasalin u ko a, irin su gum da dum da gwaf, abu mai nauyi suke nunawa: taya, ko jak, ko ƙarfen ƙafa. Waɗanda suka fara da k ko ƙ kuwa, irin su kat-kat da ƙwal-ƙwal da kacau-kacau, ƙaramin abu ne ko siririn ƙarfe: lamba, ko waya, ko tarkacen sifanoni. Har ila yau ƙirar kalmar kanta tana ba da labari. Wadda aka faɗa sau ɗaya, gum, bugu ɗaya ne, abu ya tafi ya daki bango ya tsaya. Wadda aka ninka, gwaf-gwaf, abu ne mai wasa a mazauninsa, yana kai da kawowa. Wadda aka ja wasalinta, zuuu ko wuuu ko shuuu, ƙara ce da ba ta yankewa, kuma irin wannan ba ta fitowa sai daga abin da ke juyawa ko abin da ke hurowa. Wanda ya ce motarsa na yin wuuu ya riga ya wanke jak da safaya daga zargi, ko da bai sani ba.

Ban da amsa-kama akwai sunayen ƙara da aka aro daga dabbobi da jikin mutum. Tsuwa ta ɓera ce da tsuntsu, a mota kuwa alamar roba ce ta bushe tana gogar ƙarfe. Gurnani na kare ne da zaki, a mota na boris ne ko taya. Ƙugi na ciki ne, a mota akan ji shi a salansar da ta fashe.

Lalle wannan ba doka ba ce da za a kai kotu. Abin da Bakano ya ji gwaf, Basakkwace na iya jin sa da wata kalma, kai ko 'yan gida ɗaya kan saɓa. Amma nauyin kalmar da ƙirarta ba su cika saɓawa ba, kuma su ne bakanike ke bukata. Wasu kan ɗauki ƙarar da wayar hannu su kunna wa bakanike. Wannan na da amfani ga siririyar ƙara, sai dai 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai zurfi, sai gum ya koma kat, a bi hanyar da ba ita ba.

Yaushe Take Yi?

Bayan an sami sunan ƙara, sai a nemi lokacinta, domin kowane sashe na mota akwai abin da ke motsa shi. Ƙarar da ba ta tashi sai an faɗa rami ko an hau gargada, ta abin da ke hawa da sauka ce. Wadda ke zuwa sau ɗaya in an taka birki, ta sake zuwa in an ja mota, ko in an sha kwana, abu ne ke gangarawa ko zamewa. Wadda ke ƙaruwa daidai da gudu, ko ana taka totur ko an saki, tana tare da taya. Wadda ake ji mota na tsaye cik tana sulo ba ruwanta da ƙafa ko kaɗan, sai a nemi salansa ko famfon mai. Wadda ta fara da faɗuwar damina, a tuhumi ruwa. Wadda kuwa ta zo da hunturu, a tuhumi ƙura da bushewar roba.

Ya kamata mai mota ya zaɓi gajeriyar hanya guda da ya san ƙarar na fitowa a kanta kullum, ya mai da ita wurin gwaji. A rufe gilasai, a kashe rediyo, a sa wani ya zauna a kujerar baya yana saurare, in kujerar mai kwantawa ce a kwantar da ita. Akwai garejin da akan sa yaro ya shiga but a rufe shi a zagaya da shi wai don ya ji inda ƙarar take. Wannan ganganci ne, domin hayaƙin salansa kan shiga but, kuma za a zo ga bayanin abin da yake yi wa mutum. Duk abin da aka gyara, a gyara shi shi kaɗai a koma a gwada. Wanda ya taɓa abu biyar a lokaci ɗaya, ko ƙarar ta ɗauke bai san wanne ne ba.

A Fara Da Abin Da Ba Ya Cin Ko Kwabo

Matakin farko shi ne a kwashe but ƙaf. Mutane da yawa kan ce ai ba komai a ciki, alhali kuwa ba su ɗaga kafet ba. A ƙarƙashinsa ne ramin safaya yake, kuma a nan ne mafi yawan ƙarar ke kwana. Safaya tana da wata doguwar kusa mai murɗi da ke danne ta a ƙasan ramin. Da zarar an yi faci a hanya aka mayar da ita cikin gaggawa ba a murɗe kusar ba, ko kusar ta ɓata, to duk ramin da aka faɗa sai ta yi tsalle ta sauka gum. Jak ma yana da mazauninsa, kuma galibi sai an ɗan buɗe shi ya tokare a wurin sa'an nan yake zama daram. Wil-sifana da sandar jak in suka haɗu wuri ɗaya ba tsumma a tsakaninsu, su ne masu kacau-kacau. Sai kuma tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, waɗanda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, da aka kafa a 1988, ke tambaya a kan hanya. Akan saye su don gudun tara a jefa a but, ita tukunyar kuwa mulmulalliya ce, kowace kwana sai ta gangara ta gai da ɗaya bangon.

Wasu motocin Peugeot, irin su 206 da 306, a waje suke rataye safaya, cikin wani kejin ƙarfe a ƙarƙashin but. In ƙugiyar kejin ta yi sako-sako, ko an sa tayar da ta fi ta asali ƙanƙanta, za a yi ta neman ƙara a ciki ba a gani ba.

In an kwashe komai aka bi hanyar gwaji aka ji tsit, magana ta ƙare. Sai a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, a naɗe ƙarafa da tsumma, a ɗaure mai gangarawa da roba.

Murfi Da Abin Da Ke Jikinsa

In but fanko ne amma ƙara na nan, sai a koma ga murfi. A rufe shi a danna da tafin hannu a girgiza. Murfin kirki ba ya motsi. In yana ɗan ɗagawa yana komawa kat-kat, abu uku ake dubawa.

Na farko makulli da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da yake cafka. Shekaru da buge-bugen rufewa kan cinye su ko su gusar da ƙarfen daga inda yake. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a naɗa wa ƙarfen baƙin salatef na masu lantarki zagaye biyu ko uku, a rufe a gwada. In ƙarar ta ɗauke, an kama ɓarawo. Salatef ba gyara ba ne, kwana kaɗan zai cinye. Gyaran shi ne a zana wa mazaunin ƙarfen alama da alli, a sassauta kusoshinsa, a gusar da shi kaɗan yadda murfi zai matse, a ɗaure, a ɗiga wa makulli ɗan giris. A yi kaɗan-kaɗan, don in aka zarce sai murfi ya ƙi rufuwa ko ya ƙi buɗuwa.

Na biyu wasu 'yan robobi ne masu kama da tuntu a gefen murfi ko a bakin but, waɗanda murfi ke sauka a kansu. A motoci da yawa murɗa su ake yi su fito ko su shige. In sun lotse ko ɗaya ya faɗi, murfi ya rasa abin dogara. Murɗi ɗaya kan kashe ƙarar da aka yi wata shida ana fama da ita.

Na uku doguwar robar da ta kewaye bakin but. Zafin bazara kan ƙona ta, ƙurar hunturu ta maƙale mata, sai ta riƙa tsuwa. Akan gwada ta da takarda: a sa takardar a kan robar a rufe murfi a ja, in ta zare ba turjiya to robar ta mutu a wannan wurin. In datti ne kurum, a wanke da ruwa da sabulu a shafa man silikon. A nan ne ake yawan kuskure, domin abin da ya fi kusa da hannun bakanike shi ne baƙin mai da giris, su kuwa kumbura irin wannan roba suke yi su lalata ta. Tsuwar za ta ɗauke yau, bayan wata biyu a sayi sabuwar roba.

Akwai ƙananan abubuwa da ba su kai a daɗe a kansu ba. Lambar mota da aka ɗaure da kusa biyu maimakon huɗu tana kaɗawa ƙwal-ƙwal, ɗan soso a bayanta ya isa. Siraran sandunan ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin allon bayan kujera, masu ɗaga murfi, kan goga juna in robar da ta raba su ta faɗi. Lasifikar da aka ƙara wa mota, da makamin kujerar baya, da wayoyin da masu rewaya suka bari suna lilo, duka sukan yi nasu.

Ruwa Da Mai

Ƙarar facal-facal in an taka birki ruwa ne. Yana shiga ta mataccen wuri a robar murfi, ko ta bayan fitilun baya, musamman a motar da aka taɓa buga wa baya aka kai wa masu gyaran jiki. Yakan taru a ramin safaya ko a aljifan da ke gefe biyu bayan tayoyi. A ƙasan ramin akwai toshiyar roba da ake cirewa ya tsiyaye. Don a gano mashigarsa, a shanya wurin, wani ya riƙa zuba ruwa daga ƙasa yana hawa sama a hankali, wani na leƙe ta kujerar baya da tocila. Ba ƙarar ce abin damuwa ba, tsatsa ce, domin ruwan da ya kwana damina guda a ramin safaya kan huda shi.

In ba ruwa a ko'ina, mai yiwuwa fetur ne ke kaɗawa a tanki, abin da wasu motoci kan yi in tankin ya cika ko ya kusa, kuma ba laifi ba ne. Haka nan ɗan zuu na daƙiƙa biyu ko uku da ake ji daga baya in an murɗa makulli kafin a ta da inji, famfon mai ne da ke cikin tanki yake tura mai gaba, aikinsa ke nan. Amma in zuu ɗin ya zama kuka mai ƙarfi da ba ya yankewa, to famfon na wahala, ko dai matacin mai ya toshe, ko kuwa an saba tafiya da tanki a ƙasa. Shi famfon man da yake ciki ne ke sanyaya shi, saboda haka mai shan lita biyar-biyar yana gajarta masa kwana.

Ƙarƙashin Mota

Sai an wanke duk waɗannan sa'an nan ya kamata a taɓa ƙafa, domin nan ne kuɗi suke. A motoci da yawa, alal misali Golf da ake haya da ita, kan shokozoba na baya a cikin but yake ɗaure, bayan kafet na gefe. In notinsa ya kwance ko robar da ke wurin ta cinye, kowane rami sai a ji gwaf kamar a cikin but, kuma gaskiya a nan ɗin ne. Wannan gyaran roba ne da noti, ba ya bukatar sabon shokozoba. Shi kansa shokozoba ana gane mutuwarsa in an ga mai ya jiƙa jikinsa ƙura ta manne, ko in an danna kusurwar mota da ƙarfi aka saki ta ci gaba da rawa maimakon ta dawo sau ɗaya ta tsaya. In ya tabbata ya mutu a sauya biyun tare, don in ɗaya sabo ɗaya tsoho mota ba ta zama daidai a kwana.

Ban da shi akwai bushin, watau robobin da ke tsakanin ƙarafan ƙafa, da 'yan sandunan da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke hana mota kwanciya a kwana, da sifirin da kan karye a ƙarshensa inda ido ba ya kaiwa. Obalodi ne babban mai kashe su. Su kuwa Peugeot 206 da 306 suna da wata cuta tasu: boris ɗin da hannun ƙafar baya ke juyawa a kansa kan cinye, a ji ƙara, in an tsaya a bayan motar a ga kan tayar ya karkata ciki.

Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu boris ɗin taya ne ko tayar kanta. In ya ƙaru sa'ad da aka karya hagu, galibi na dama ne, domin nauyi can ya koma, in an karya dama kuwa na hagu. A ɗaga motar a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, a kuma juya ta da hannu a saurara. Tayar da ta ci ba daidai ba, wadda in an shafa ake jin tudu da kwari, ita ma tana wannan gurnani, kuma ana gane ta in an musanya tayoyin gaba da na baya aka ji ƙarar ta yi ƙaura. A motar da ƙafar baya ke ja, irin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, akwai kuma akwatin giyar da ke tsakanin tayoyin baya. Kukansa na sauyawa in an taka totur ko an saki, kuma abin da ake fara dubawa shi ne mansa.

Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a tokare ta da bulon siminti, domin yakan ruguje ba sallama. A nemi ƙarfen tokare mota ko a hau ramin gareji.

Ƙarar Da Ba A Kwana Da Ita

Yawancin abin da aka ambata na iya jiran ƙarshen wata. Akwai uku da ba sa jira.

Ƙwanƙwasar da ke bin juyawar taya, ta ƙaru da gudu, musamman bayan an fito daga wurin mai faci, sai a tsaya nan take a duba notin taya. Noti in ya fara kwancewa ba ya komawa da kansa.

Sai salansa. Robobin da aka rataye ta da su kan tsinke ta riƙa dukan ƙasan but, siririn faifan da ke kare jikin mota daga zafinta kuma kan saki ya riƙa karkarwa in mota na sulo. Waɗannan gyaransu araha ne. Amma in ƙugi ake ji ko fuf-fuf, to salansar ta huje, hayaƙi na fita a ƙarƙashin mota. A cikin hayaƙin akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta a kan iskar numfashi fiye da sau 200. Tana shiga ta hudar tsatsa, ko ta toshiyar da aka cire aka manta ba a mayar ba, ko ta matacciyar robar murfi. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da barci, abubuwan da matafiyi kan ɗora wa gajiyar hanya. Motar hayar da aka cika wa but har murfi ya ƙi rufuwa aka ɗaure shi da igiya ta fi shiga wannan haɗari, domin mota in tana gudu iskar bayanta juyowa take yi ta komo ciki, na kujerar baya ne kuma ke fara shaƙa.

Na ukun sabo ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, motoci da yawa sun koma amfani da iskar gas ta CNG, kuma a but ake girka tukunyarta. Matsin da ke cikin wannan tukunya ya kai kimanin ba 200, kusan ninki ɗari ke nan na iskar da ke cikin tayar mota. Dum mai nauyi daga irin wannan but na iya zama maɗaurin tukunyar ne ya saki, tana motsi tana jan bututunta. Shuuu kuwa, ko warin gas, yoyo ne. Sai a tsaya a fili, a kashe inji, a fitar da fasinja, a buɗe ƙofofi da but, a rufe kan tukunyar in hannu na kaiwa, kada a kunna ashana ko taba. Masu aikin da ruwan sabulu suke neman yoyo, inda ya yi kumfa nan ne. Wannan ba aikin kowane gareji ba ne, sai a koma wurin waɗanda aka horar a kansa. Tukunyar da aka yi wa walda ko wadda ba don CNG aka ƙera ta ba ba ta da gyara sai cirewa, kuma irinta aka ɗora wa alhakin fashewar da ta auku a wani gidan sayar da gas a Benin cikin Oktoban 2024.